Daga Zango zuwa Zanzibar: yadda ake shirya tafiyar Tanzaniya da tsibiranta

Yawancin 'yan'uwanmu na Nima, Mamobi, Sabon Zango, Aboabo da Asawase da ke niyyar zuwa Zanzibar, ko don hutu, ko amarci, ko neman hanyar kasuwancin kanumfari da kayan ƙamshi, suna ɗaukar cewa shirin ba shi da yawa. Ƙasar zafi ce, Afirka ce, mutanen tsibirin kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Haka ne, zafin da abincin ba za su ba ɗan Ghana wahala ba. Abu biyu ne ke kama mutanenmu a wannan tafiya: takardu da teku. A kansu za mu daɗe, sauran mu bi su da sauri.

Da farko a san ƙasar. Tanzaniya haɗaka ce da aka yi ranar 26 ga Afrilu 1964 tsakanin Tanganyika, wato ɓangaren tudu, da Zanzibar. Ita Zanzibar manyan tsibirai biyu ne, Unguja da Pemba. Wanda mutane ke kira Zanzibar a baki shi ne Unguja, inda tsohon garin Stone Town yake. Tsibiran suna da shugabansu da gwamnatinsu da wasu dokoki nasu na kansu, kuma wannan zai shafe ka kai tsaye. Akwai kuma tsibirin Mafia can kudu, shi yana ƙarƙashin ɓangaren tudu ne.

Takardu: a fara wata biyu kafin tafiya

Ghana Card da ke kai ka Lome ko Abidjan ba shi da aiki a nan, domin Tanzaniya ba ta cikin ECOWAS. Fasfo za ka riƙe, kuma dole ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar da za ka shiga, da shafin da ba a buga komai a kai ba. In naka ya kusa ƙarewa, ka cika fom ta intanet ka je ofishin fasfo na Accra ko na Kumasi tun kafin ka taɓa maganar tikiti.

Ka buɗe shafin da hotonka yake, ka ɗauke shi hoto, ka tura wa mai yanka maka tikiti. Kada ka faɗa masa sunanka ta waya. A Zango mutum ɗaya kan zama Abubakar a masallaci, Bukari a takardar makaranta, Abubakari a fasfo. Muhammad na iya fitowa Mohammed ko Mahama. Jami'in da ke kanta a filin jirgi harafi-harafi yake dubawa, in sunan tikiti ya saɓa da na fasfo zai iya hana ka shiga, gyaran kuma kuɗi ne. Sunan da ke fasfo shi ne zai hau tikiti, da inshora, da takardar masauki, da katin rigakafi.

Mai fasfon Ghana ba ya buƙatar biza in ziyara ce da ba ta wuce kwana 90 ba. Amma a gidajenmu ba kowa ke riƙe da fasfon Ghana ba, kuma a nan ake samun babban kuskure. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Mali yana cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai ya nema ta shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, a aika takardunsa a bincika, amsa kuma tana iya ɗaukar makonni da yawa. Takardar zama a Ghana ba ta canza wannan. Don haka in Alhaji na da fasfon Ghana, Hajiya kuma na Nijar, a nemi bizar Hajiya tukuna, sai ta fito a sayi tikiti. Yi da akasin haka shi ke jawo asarar kuɗin tikiti biyu.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai launin ɗorawa. Ghana na cikin ƙasashen da ake samun cutar, saboda haka za a tambaye ka shi, a Zanzibar ma sun fi tsanantawa. Allurar sau ɗaya ake yi. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na aiki har ƙarshen rayuwa, don haka wanda ya yi shi lokacin aikin Hajji ya nemo tsohon katinsa, bai mutu ba. Wanda bai taɓa yi ba ya sani cewa katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A je sashen lafiya na tashar jirgi ko asibitin da aka ba izinin yi. Mai juna biyu, wanda ya haura shekara 60, da wanda ƙwai ke tayar wa ƙaiƙayi ko kumburi, su ga likita tukuna. In bai dace a yi musu ba, zai rubuta takardar uzuri. Kada a sayi kati ba allura. Ba maganar kamu kawai ba ce, cutar kisa take yi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne inshorar dole ta Zanzibar. Daga 1 ga Oktoba 2024, duk baƙon da zai shiga Unguja ko Pemba sai ya sayi inshorar kamfanin gwamnatin tsibirin, Zanzibar Insurance Corporation, dala 44 ga babba, tana aiki har kwana 92. Ko kana da wata inshorar da ka saya a Accra, ba ta maye gurbin wannan. Ana saye ta intanet kafin tafiya, a turo maka takarda mai lambar da ake haskawa da waya. Ka buga ta a takarda. Waya na mutuwa, intanet na filin jirgi na yankewa, takarda kuwa tana nan.

A haɗa duka cikin jaka ɗaya ta hannu: fasfo, kati, inshora, tikitin dawowa, shaidar masauki. A yi kwafi biyu, ɗaya a akwati, ɗaya a bar wa wani a gida. Mace mai tafiya da yara ba tare da mahaifinsu ba ta riƙe takardar haihuwarsu da wasiƙar amincewarsa.

Wane wata?

Babbar daminarsu daga Maris ce zuwa Mayu, Afrilu ya fi tsanani. Ruwa ne mai kwana yana zuba, wasu masaukan bakin teku ma rufewa suke. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba zuwa Disamba, ita ba ta hana yawo. Daga Yuni zuwa Oktoba gari na bushe, iska na da daɗi, shi ne lokacin da muka fi ba da shawara. Sai dai a watannin nan iskar kudu da suke kira kusi ke kaɗawa, teku kan yi tsauri, musamman Yuni zuwa Agusta. Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke busar mana da leɓe a Kumasi, can zafi ne mai gumi, babu hazo ko kaɗan, kuma kuɗin masauki na tashi sosai a ƙarshen Disamba.

A duba kalandar Musulunci ma. Cikin Ramadan gidajen abinci da yawa a gari na rufe da rana, kuma ba a yarda a ci ko a sha a bainar jama'a ba. Matafiyin da ya ajiye azumi ya ci a ɗakinsa.

Hanyar jirgin sama

Babu jirgin da ke tashi daga Accra kai tsaye zuwa Zanzibar. Hanyoyi biyu aka fi bi: Ethiopian Airlines ta Addis Ababa, ko Kenya Airways ta Nairobi. Zangon farko kusan awa shida ne. Duka biyun suna sauka a filin jirgin Julius Nyerere na Dar es Salaam, suna kuma sauka a na Abeid Amani Karume da ke Unguja. In ba ka da wani aiki a Dar es Salaam, ka yanki tikitin da zai sauke ka a Zanzibar kai tsaye, ka huta da dakon kaya zuwa tashar jirgin ruwa. In kana son ganin duka biyu, ka nemi tikitin shiga ta ɗaya, fita ta ɗaya. Ya zama tikiti ɗaya ne tun daga Accra har ƙarshe, domin in jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai nema maka wani. In ka yanka daban-daban don arha, makarar a kanka take.

Mutanen Kumasi: a sauko Accra kwana ɗaya kafin tashi. Motar Asafo zuwa Circle na iya cin awa biyar, tana iya cin takwas in hanya ta cushe. Jirgin cikin gida daga filin Prempeh I bai kai awa ɗaya ba, amma in an ɗaga shi babu mai biyan ka asarar na waje. A isa tasha ta uku a filin jirgin Accra awa uku kafin lokaci.

Agogonsu na gaban namu da awa uku. Sha biyun rana a Accra, ƙarfe ukun yamma ne a can. Akwai kuma wani lissafin da ke sa baƙi rasa jirgin ruwa: da Suwahili ana fara ƙirga awa ne daga fitowar rana, don haka "saa moja", wato awa ɗaya, ƙarfe bakwai na safe ne, "saa tatu" ƙarfe tara. Direba in ya ba ka lokaci da baki, ka ce ya nuna maka a fuskar waya.

Kuɗi

Sidi ba ya canzuwa a Tanzaniya, MoMo ɗinka ma kada ka dogara da shi. Ka sayi dala tun a gida, a banki ko wurin canji mai lasisi, ka karɓi rasit. Ka duba kowace takarda a hannunka kafin ka bar kanta: a ƙasan hoton akwai shekarar bugu. Waɗanda aka buga kafin 2009 ana yawan ƙin su a can, haka mai yagewa, mai tabon biro ko ta sha hannu. 'Yan 50 da 'yan 100 sun fi samun canji mai kyau. Abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi ga jami'ai, a fita da shiga.

Kuɗinsu shilin ne, takarda mafi girma 10,000, wadda dala kaɗan ce, saboda haka canjin dala 200 ƙunshi ne guda. Daga 2025 gwamnati ta tsaurara dokar cewa cinikin cikin gida da shilin za a yi, don haka ka canza abin da zai ishe ka tun a filin jirgi ko Stone Town. Na'urorin cire kuɗi suna da yawa a gari, amma a ƙauyukan bakin teku kaɗan ne, kuma suna ƙarewa da kuɗi. In za ka yi amfani da katin banki, ka je reshenku ka ce a buɗe shi don aiki a waje. Wasu masaukai na ƙara wani kaso in an biya da kati. Akwai kuma harajin 'yan daloli a kan kowane mutum kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet. Ka tambaya tun wajen kama ɗaki.

Layin waya: Vodacom, Airtel, Halotel, ko Yas, wanda ya haɗe tsoffin Tigo da Zantel. A shagon kamfanin za ka saya da fasfonka, su yi maka rajista. Layin da wani ya miƙo maka a titi da sunan wani yake, ana iya rufe shi kowane lokaci.

Teku

Tsakanin Dar es Salaam da Stone Town kimanin kilomita 70 ne. Jiragen ruwa masu sauri na kamfanin Azam Marine, waɗanda ake kira Kilimanjaro, suna yin tafiyar cikin kusan awa biyu, sau da yawa a rana, daga wajen bakwai na safe zuwa wajen huɗu na yamma. Wanda jirginsa ya sauka Dar es Salaam da la'asar ya shirya kwana a can, domin cunkoson garin ba zai bar shi ya tarar da na ƙarshe ba. Kujerar talaka ta baƙo ta daɗe a wajen dala 35. A duba farashin ranar a shafin kamfanin. Ƙaramin jirgin sama kuwa minti ashirin ne.

A ƙofar tashar za ka ga samari sun yi maka caa, wannan ya kama akwati, wancan ya ce ofis ya rufe, ko tikiti ya ƙare amma shi yana da hanya. Kada ka tsaya. Tikiti a cikin ginin kamfanin ake saye, da fasfo, sunanka a buge a jiki. In kana son ɗan dako, ka ɗauki mai riga da lamba, ku yi ciniki kafin ya taɓa kayan. Ka isa awa ɗaya kafin tashi. Fasfo da katin rigakafi da inshora su zauna a hannu, ba cikin akwatin da za a jefa keji ba, domin da ka sauka Unguja sai ka sake bin layin jami'an shige da fice, ko da an riga an buga maka hatimi a Dar es Salaam.

Yawancinmu ba mu taɓa yin awa biyu a kan buɗaɗɗen teku ba, kuma jiri da amai ba sa duba ƙarfin mutum. Abin da ke jawo su shi ne ido na ganin ɗaki a tsaye, kunnen ciki kuma na jin motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Maganin shi ne a rage saɓanin. Ka ɗauki jirgin safe, kafin iska ta tashi. Ka zauna a bene na ƙasa, tsakiya ko ɗan baya, kada ka je gaba inda jirgin ke dukan ruwa. Ka kafa ido a inda sama ta haɗu da teku, ka ajiye waya. Kada ka hau da cikin wofi, kada kuma ka cika shi da maiƙo. Shayi da burodi sun isa. Citta na taimaka wa wasu. Ƙwayar Stugeron awa biyu kafin tafiya ake sha, in an jira jiri ya fara ta makara, kuma tana sa barci. Mai juna biyu da yara ƙanana, a tambayi likita ko mai kantin magani. Dawowa daga Unguja zuwa Dar es Salaam da yamma a lokacin kusi ita ce ta fi wahala.

Kan maganar lodi kuwa ba ma sassautawa. A watan Satumba 2011 jirgin MV Spice Islander ya nutse da dare tsakanin Unguja da Pemba bayan an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, mutane masu ɗimbin yawa suka rasu. A Yulin 2012 wani mai suna MV Skagit ya kife a hanyarsa daga Dar es Salaam. An gyara abubuwa da yawa tun daga nan, amma ƙananan jirage na katako da ke kai mutane yawon tsibirai sai kai ka duba da idonka. Kafin ka taka: rigar ceto nawa ce, ta kai yawan mutanen? Akwai ta yara? Akwai rumfa? In ka ga ruwa ya kusa bakin katako saboda yawan jama'a, ka sauka, ko ka riga ka biya. Rigar a jiki ake sa ta a ɗaure igiyoyinta, ba a zauna a kanta. Wanda bai iya ruwa ba ya faɗa wa matuƙi tun a gaɓa, babu abin kunya a ciki. Kada a hau kwale-kwale bayan magariba.

Sai cika da janyewar teku. A Labadi bambancin bai taka kara ya karya ba, amma a gabashin Unguja, wato Paje, Jambiani da Matemwe, ruwa na janyewa ɗaruruwan mitoci, ya bar fili fetal har inda ido ya kai. Sau biyu yake yin haka a kwana ɗaya, kuma lokacin na matsawa gaba da kimanin minti 50 kullum. Ya fi tsanani a farkon watan Musulunci da kuma wajen 14 da 15 gare shi. Hatsarin shi ne mutum ya bi filin nan ya yi nisa yana kallon mata masu noman ciyawar teku, ruwa kuma ya dawo ta cikin kwaruruka ya zagayo ta bayansa kafin ya ankara. Kowane masauki na da jadawalin ranar. Ka duba, ka juyo tun ruwa bai fara dawowa ba. In ka ga matan nan sun ɗaura kayansu sun nufo gaɓa, ka bi su. Mai son wanka kowane lokaci ya kama ɗaki a arewa, Nungwi ko Kendwa, kimanin awa ɗaya da rabi daga gari, inda janyewar ba ta da yawa.

A cikin filin akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya, tana lafewa a ramukan duwatsu. Silifas ba ya tare ta. Takalmin roba mai rufe ƙafa da ƙasa mai kauri ake sawa, ana samunsa a Kantamanto ko Kejetia da arha fiye da can. In ta soke ka, ka tsoma ƙafar cikin ruwan zafin da za ka iya jurewa na rabin awa zuwa awa ɗaya, ka zare waɗanda suka fito da hantsaki a hankali. Ƙayar tana da gautsi, tono da allura ƙara farfasa ta yake yi. In ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja, a tafi asibiti. Mai ciwon sukari kada ya jira.

Lafiya da kaya

Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a Zanzibar, amma yana nan a ɓangaren tudu. Akwai kuma zazzaɓin dengi, wanda ya ɓarke a Dar es Salaam a 2019, kuma sauronsa da rana yake cizo. A riƙe man korar sauro, a kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sha magani, kuma farasitamol kaɗai za a sha kafin sakamako, domin asfirin da ibuprofen na ƙara hatsarin zubar jini in dengi ne.

Ruwan gora mai hatimi za a sha. Don gudawa a tafi da ORS, a karanta jikin fakitin domin yawan ruwan da ake zubawa ya bambanta. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Masu hawan jini da sukari su ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiya da mako ɗaya, cikin kwalinsa, a jakar hannu, da takardar likita. Insulin ba ya shiga akwatin da za a miƙa a sa a ɗakin kaya na jirgi. Tramadol da ire-irensa kada a ɗauka ba takardar likita, kuma kada a karɓi saƙon kowa da ba a buɗe an gani ba. Baƙar fata ma rana na ƙona ta a kan ruwa da farin yashi. Hula, tabarau da man kariya mai lamba 30 ko sama.

Tun 1 ga Yuni 2019 Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya. Mu kuwa komai a baƙar leda muke ƙullewa, takalmi, gari, sabulu. A zazzage su tun a gida, a sa cikin jakar yadi ko robar da ke da murfi. Ƙaramar leda mai zif ta kayan wanka an yarda da ita. Shito a akwati zai shiga, a naɗe murfin da salatif, domin abin da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu. Batirin cajin waya kuma akasin haka, a hannu kaɗai. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, wutar ma ɗaya ce, ba sai an sayi komai ba. A ƙara da jakar da ruwa ba ya shiga don waya da fasfo.

A cikin gari

A Tanzaniya ta hagu ake tuƙi. Wajen tsallaka titi dama za ka fara dubawa, kuma kwana biyun farko ne suka fi hatsari, kafin ido ya saba. A riƙe hannun yara. Trotro ɗinsu shi ne daladala, ana samunsa a wajen kasuwar Darajani, da arha amma a matse. Pragya kuma bajaji suke ce masa. Tasi ba mita, ciniki kafin shiga. Mai son tuƙa motar haya sai an yi masa takardar izini ta Zanzibar a kan lasisinsa, kamfanin hayar ne ke shiryawa.

Alƙibla za ta ba ka mamaki. Zanzibar na kudu da Makka kusan a miƙe, saboda haka arewa ake fuskanta, ba gabas ba. A ɗakin masauki ka duba alama ko ka tambaya, kada ka bi fitowar rana. Yawancinsu Shafi'awa ne: za ka ji liman ya bayyana Bismilla, a Asuba kuma ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, mamu na cewa amin. Ka bi limaminka. Dattijo ana gaishe shi da "shikamoo", ya amsa "marahaba", sallama kuma ko'ina tana shiga. Suturarmu ta gida ta wadatar. Kada a ɗauki hoton mutane, musamman mata, sai da izini.

Kwana biyu sun isa Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Da dare akwai gashin kifi a dandalin Forodhani. Ka tambayi farashi tukuna, ka zaɓi wanda za a gasa a gabanka, ka bar wanda ya daɗe a tire. Kanumfari, kirfa da masoro a Darajani sun fi arha a kan gonakin da ake kai baƙi. A kudu akwai tsohon masallacin Kizimkazi mai rubutun shekarar 1107, a hanya kuma dajin Jozani da jajayen biransa. Murjani, ƙwaryar kunkuru da manyan katantanwar teku, ko an tallata maka kada ka saya, fitar da su laifi ne.

Pemba da Mafia sai mai lokaci. Zuwa Pemba ƙaramin jirgin sama kimanin rabin awa ne daga Unguja. Jirgin ruwa zuwa Mkoani ba kullum yake tashi ba, mashigin kuma na da zurfi da igiya. Mafia daga Dar es Salaam ake zuwa, shi ma kusan rabin awa. Ƙananan jiragen nan galibi kilo 15 suke yarda da shi, cikin jaka mai laushi, don haka babban akwatin da ka taho da shi daga Accra sai ka bar shi ajiya a masaukinka na gari. Ka tafi da isasshen shilin, domin a Pemba wurin cire kuɗi sai manyan garuruwa irin Chake Chake. Kuma kada ka sa dawowa daga waɗannan tsibirai rana ɗaya da jirginka na komawa gida. Iska ko ruwan sama na iya soke tashi, na gaba kuma sai gobe ko jibi. Daren ƙarshe a garin da jirgin Addis Ababa ko Nairobi zai tashi za ka kwana.